Fentin Ba Kashim a Cikin Firizata

Duk wanda ya zauna a unguwar Hausari ta Maiduguri cikin shekarun tashin hankalin nan ya san Ba Kashim mai fenti. Wanda bai san fuskarsa ba ma ya san rufin shagonsa. A kan rufin yake jera gutsattsarin kwano, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowanne an danne shi da guntun bulo, suna shan rana daga fitowarta har faɗuwarta. Ni ce maƙwabciyarsa, bango ɗaya ya raba shagunanmu. Sunana Dorothy, mutuniyar Askira ce ni, a unguwa ana ce mini Maman Caleb. Ƙanƙara nake sayarwa, kuma ban taɓa zaton sana'ata za ta haɗu da tasa ba, sai da Allah ya jarrabe ni da shi.

Kanuri ne, shi ya sa ake ce masa Ba, wato Baba da yarensu, haifaffen garin, dogo siriri mai gemun da ba a rasa ɗigon fenti a cikinsa. Da ƙuruciyarsa jikin manyan motoci yake yi wa zane a tasha. Da aka hana hawa babur, keke napep suka cika gari, ya koma kansu. Da tsoro ya sa kowa ya cire ƙofar katako ya sa ta ƙarfe, sai kasuwarsa ta buɗe sosai. Ƙofofin da harsashi ya huda ma shi ake kai wa, ya toshe, ya goge, ya shafe, har mai gidan ya manta inda ramin yake.

Amma aiki da shi sai mai haƙuri. Kafin ya buɗe gwangwani sai ya tambaye ka, “A ina abin nan zai zauna?” Ƙofar da ke kallon gabas haɗinta daban, mai kallon yamma daban, wadda awaki ke goga jiki da ita ma daban. In ya haɗa fentin, ba zai taɓa kayanka ba sai ya shafa a guntun kwano ya ajiye a irin wurin da ka faɗa, ya ga yadda zai yi. Ya ce fenti baƙo ne, ba a kai shi gari sai an san zai iya zaman garin. Mutane da yawa sun yi fushi sun kwashe kayansu, daga baya kuma sun dawo, domin aikinsa ba ya ɓarewa.

Akwai lokacin da samarin sintiri masu gora suka zo suka tsaya masa a kai, wai an ce kwanukan rufinsa alama ce yake yi wa mutanen daji. Bai yi gardama ba, ya jingina tsani ya ce su hau. Ya tsayar da su a tsakiyar rana yana yi musu bayanin kowane kwano, wanda ya kai damina biyu, wanda ya fara koɗewa, da dalilin koɗewar. Da ƙyar suka samu suka sauko. Ba su ƙara bi ta layinmu da tsakar rana ba.

'Ya'ya biyu Allah ya ba shi da matarsa Ya Gumsu. Babban, Sa'id, shi ne hannun damansa a shago. Wata safiya a farkon rikicin ya tafi kai ƙofa Konduga, bai dawo ba, ba a ga motar ba, ba a ga gawa ba. Ba Kashim bai taɓa yi mini zancen ba ko sau ɗaya, amma buroshin yaron yana nan rataye inda ya bar shi. Sai ƙaramar, Ammatullahi, yarinya mai kai, wadda ta karanta ilimin ruwa da ƙasa a jami'a.

A shekarar da aka kayar da turakun wuta a hanyar Damaturu, garin ya shiga duhu wata da watanni, Ammatullahi ta samu gurbin ƙaro karatu kyauta a wani gari can ƙarshen ƙasar Norway. Ta nuna wa uban wurin a waya. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce shi duk zamansa ya ɗauka mu ne arewa, ashe arewar ma tana da tata arewar. Makarantar ta ce ta iso kafin damina ta fita, in ba haka ba a ba wa wani gurbin. Ita kuma ta rantse ba za ta ɗaga ƙafa ba sai ubanta ya ce mata ta tafi da bakinsa.

Bai ce ta tafi ba, bai kuma ce kada ta tafi ba. Kasuwa ya je ya sayo akwatin ƙarfe, irin wanda ake kai yara makarantar kwana da shi, ya ce 'yarsa ba za ta shiga duniya da jakar leda ba. Zai yi masa koren fenti, ya rubuta sunanta a murfi.

“Ranar da akwati ya gama, feronyi, ranar za ki ji bakina,” ya ce mata. Haka yake kiranta da yarensu, wato 'yata.

Sannan ya yi mata tambayar da yake yi wa kowa. A ina akwatin zai zauna? Ta ce masa garin sanyinsa ya kai na cikin firiza, wani lokacin ma ya fi. Ina zaune a ƙofar shagona na ga ya juyo a hankali yana kallon firizata. Wallahi a take na san na shiga uku.

Ku tuna babu wutar lantarki a garin. Da janareto nake haɗa ƙanƙara, ga azumi ya kama cikin tsananin bazara, kafin la'asar layi ya kai bakin titi. Kowane lungu na firizar nan yana da mai jiransa. A haka mutumin nan ya shigo mini da kwanuka a hammata.

“Wushe, Maman Caleb,” ya gaishe ni da yarensu. “Ɗan wuri kaɗan za ki ba ni, can ƙasa.”

“Ba Kashim, firiza ce fa, ba rufin shago ba.”

“Na sani. Shi ya sa na zo.”

Na ba shi. Da wane baki zan hana? Ranar da aka ƙona cocinmu, a bayan gwangwanayen fentinsa ni da 'ya'yana muka ɓuya har ƙura ta lafa.

Gwajin farko ya ba shi kunya, kuma ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Ya ciro kwanon ya ɗan lanƙwasa shi, sai fentin ya dare ya zubo kamar ɓawon ƙwai. Fentin da ya gagari ranar Borno! Ya tsaya riƙe da kwanon kamar an aiko masa da rasuwa. Daga baya ya gano dalili da kansa. Ya ce sanyi yana sa ƙarfe ya tsuke, fentin kuma ya sandare ya ƙi bin sa, in an fito da shi raɓa ta shiga tsagar, in an mayar ta daskare ta ƙara buɗa ta. Ya koma shago ya rage wannan ya ƙara wancan, ya daina shafi mai kauri, ya koma siriri a kan siriri.

Matsalar ita ce ɗanyen fenti yana da wari, ƙanƙara kuma ba abin da take so kamar ɗaukar wari. Cikin 'yan kwanaki rabin Hausari da warin fenti suke buɗe baki. Mai kunun aya ta zo ta zazzage ni tas. Wani dattijo ya ce tunda ya fara shan ruwan ƙanƙarata yake jin cikinsa kamar sabon ɗaki. Wata mai zoɓo ta fasa ƙanƙararta ta tarar da guntun kwano kore a manne, ta kawo mini tana tambaya ko kyauta ce ake sakawa. Na kai ƙara wurin Ya Gumsu, ta ce in yi haƙuri, ita shekara talatin da wani abu tana cin tuwo mai warin fenti.

Kafin ƙaramar salla ya samu haɗin da ya tsaya. Da idona na gani. Ya lanƙwasa kwanon, ya buga shi da ƙasa, ya shanya a rana ya mayar cikin sanyi ya sake fitarwa, fentin ko gezau. Na ce to, Alhamdu lillahi, mun huta, yarinya za ta tafi. Ai kuwa ban san yanzu aka fara ba.

Ya kira Ammatullahi ya ce ta ƙara ba shi labarin garin. Ita kuma baiwar Allah ba ta iya ƙarya ba. Ta ce garin a bakin teku yake. Ya ce ashe akwai gishiri, ya jiƙa kwanukan a ruwan gishiri, ya ƙara da kanwa don kada a yi aikin banza. Ta ce ana iska mai ƙarfi. Ya kawo ƙaramar fanka mai batir ya kunna a cikin firizata. Ta ce akwai watannin da rana ba ta fitowa sam. Ya dafe kai ya ce bai taɓa gwada fenti a duhu ba, ya naɗe kwanukan a baƙar leda, kamar dā can akwai fitila a cikin firizar. Ta ce akwai kuma watannin da ranar ba ta faɗuwa. Nan ya ajiye zancen fenti gaba ɗaya, ya yi mako yana yawo wurin malamai yana tambayar yadda ake sallar magariba a garin da ba magariba.

Ana cikin haka ruwan farko ya sauka, sannan na biyu. Ammatullahi ta fara ramewa. Takan zo ta zauna a bencina tana kallon akwatin, wanda har lokacin ko shafin farko bai samu ba.

Sai kuma kwanukan suka koma lalacewa. Kullum ya fito da su sai a ga tsaga, ya ɗaga wa 'yar yana girgiza kai, ya ce, “Kin gani? Da saura.” Abin ya ɗaure mini kai, domin haɗin bai canza ba. Wata rana da hantsi na dawo daga sayen man janareto, na same shi tsugune a bayan firiza da ƙusa a hannu, yana karta kwanon da kansa, a hankali, harshe a waje kamar mai koyon rubutu.

“Ba Kashim! Me nake gani haka?”

Ko kunya bai ji ba. Ya ciro waya ya nuna mini hoton wata farar dabba mai gashi, ta fi saniya girma, tana tafiya a kan ƙanƙara.

“Kin ga faratanta? A can take. In ta taka akwatin fa?”

“A ɗakin kwanan ɗalibai za ta same shi?”

“Ke kin taɓa zuwa ne?”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce masa ba fenti yake gwadawa ba, yarinyar yake riƙewa, kuma duk layin nan an sani, kunyarsa kawai ake ji. Na ce ɗaya ya tafi ba da son ransa ba, shi ne zai ɗaure ɗayar a gindin gwangwani har ta tsufa? Da maganar ta fita na so in kamo ta, amma ta riga ta fita. Ya tattara kwanukansa da fankarsa ya fice. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci ranar, amma ban bi shi na ba shi haƙuri ba, domin gaskiya na faɗa.

Kwana biyu ba ya gaishe ni. Ta ƙofa nake leƙensa, na ga ya sauke akwatin ya goge shi, ya fara shafi. Ya yi masa kore mai kyau irin na ganyen darbejiya bayan ruwa, ya rubuta sunanta da fari, da boko da ajami. Da ya bushe, sai ya ɗora shi a keke napep ya tafi. Ashe wurin ƙanena James ya nufa, wanda ke kula da wani ɗakin sanyi na kifi a hanyar Baga, inda ake jibge kwalayen daskararren kifi har rufi. Na ce a raina to, masifar ta koma kan James, shi ma ya ɗanɗana.

Ranar wata Laraba da azahar James ya kira ni a waya, muryarsa a sama.

“Yaya, ki zo ki fitar da tsohonki! Ya shiga ya ƙi fitowa!”

“Ya shiga ina?”

“Cikin kifi! Ya ce in rufe ƙofa, in na buɗe bai yafe ba!”

Na ɗauki Ya Gumsu da Ammatullahi muka hau keke. Da James ya ja ƙofar, wani farin hayaƙin sanyi ya bugo mu. Can cikin lungu, tsakanin kwalayen kifi, ga Ba Kashim zaune a kan akwatin, ya harɗe hannu, daga shi sai 'yar shara da hula da silifas. Gemunsa ya yi fari fat, wannan karon ba da fenti ba. Haƙoransa suna kaɗawa har muna ji daga bakin ƙofa.

“Ku ru-rufe,” ya ce. “Ban ga-gama ba.”

“Ba ka gama me ba?” in ji Ya Gumsu. “Mutuwar?”

“Na gwada kwano. Na gwada akwati. Mai akwatin fa? Wa ya gwa-gwada ta?”

James da wani lebura suka ɗauko shi cak, a zaune yadda yake, domin gwiwoyin sun ƙi miƙewa. Suka ajiye shi a kan siminti a tsakiyar rana. Tunda nake a Maiduguri ban taɓa jin wanda ya sa wa ranar azahar albarka ba sai ranar. Masu sayen kifi suka kewaye mu. Wata mata ta tambaya ko shi ma na sayarwa ne, Ya Gumsu ta ce ta ɗauka kyauta. Tana faɗa tana murza masa ƙafafu da mayafinta, tana yi masa faɗa da Kanuri, ta inda take shiga ba ta nan take fita ba, hawaye kuma yana zuba.

Ammatullahi ta durƙusa a gabansa ta riƙe hannuwansa. Sai da jikinsa ya ɗan saki, sannan ya dube ta, ya yi magana da irin muryar da yake yi wa masu kawo ƙofa bayani.

“Feronyi, wurin nan ba na mutane ba ne.”

“Na sani, Baba.”

“Kunne ne yake fara tafiya. Daga shi sai yatsun ƙafa, sai hanci. Ƙirji yana jurewa, in mutum bai zauna wuri ɗaya ba. Kuskurena ke nan, na zauna.” Ya yi tari. “Kada ki sa riga ɗaya mai kauri. Siriri a kan siriri. Kuma ki rufe kunnen nan, kin ji ko?”

“Na ji, Baba.”

“To. Ki tafi.”

Ni da na zo da niyyar yi masa tsiya, sai na tsinci kaina ina kuka a gaban masu kifi. James ya fito da akwatin ya dire a gefe, raɓa tana tsattsafo masa, fentin lafiya lau. Ba Kashim ko kallonsa bai yi ba.

Ya yi mako biyu a kwance da mura. Ammatullahi ta tafi ana saura ƙiris gurbin ya wuce ta. A filin jirgi aka ɗora akwatin a sikeli, aka ce ƙarfen kaɗai ya cinye rabin nauyin da aka yarda mata. Mutane suka ba ta shawara ta juye kayan a jaka ta bar shi. Ta buɗe a gaban kowa ta kwashe atamfofi da takalma da garin kuka ta miƙa wa uwarta, ta rufe shi kusan wayam ta tura. Ta ce mini har ta isa can warin kifi bai bar shi ba.

Bayan tafiyarta Ba Kashim ya yi sanyi. Yana aiki, amma ya daina hawa rufi, kwanukan suka koɗe babu mai dubawa. Mutum zai kawo ƙofa ya shafa masa a ranar ya ba shi, ba tambayar gabas ko yamma. Ni kaina sai na ji ina kewar fitinarsa. Duk ranar Juma'a Ammatullahi takan kira su ta wayata, domin tawa ce mai ɗaukar hoto da kyau. Tambayarsa ɗaya ce kullum, ko ta rufe kunne. Ya kuma umarce ta ta fitar da akwatin waje ta bar shi a baranda, wai ba a yi masa wannan wahalar don ya kwanta a ƙarƙashin gado ba.

Can tsakiyar sanyinsu, lokacin da ta ce sun daɗe rabonsu da ganin rana, ta turo hoto. Ga akwatin a baranda, ƙanƙara ta rufe shi har rabi, hasken fitila a kansa. A ƙasa ta ce in nuna wa Baba amma in lallaɓa shi, domin fentin ya tsage a kusurwar murfi, har wani ɓangare ya ɓalle.

Na daɗe ina juya yadda zan faɗa masa. Mutumin da aikinsa bai taɓa ɓarewa a hannun mai shi ba. Na same shi yana wanke buroshi, na miƙa masa wayar. Ya kai ta kusa da ido, ya nisanta, ya sa na buɗa masa hoton da yatsa. Ya ga tsagar. Na zuba ido ina jiran ya dafe kai.

Sai na ga gemun yana motsi. Dariya yake yi, har da buga cinya.

“Ya ɓare! Maman Caleb, kin gani? Ya ɓare!” Ya leƙa cikin gidansa da ke bayan shagon. “Gumsu! Fito ki gani, aikin ya lalace!”

“To abin murna ne wannan, Ba Kashim?”

“Ki ce mata wannan ba gyaran da za a yi ta waya ba ne. Kada ta bari wani ya taɓa shi a can, ba su san haɗin ba. Ta kawo shi nan, da hannunta, in gyara.”

Na ce masa karatun nata fa da sauran shekaru. Bai saurare ni ba, ya riga ya jawo gwangwanin kore ya ɓalle murfin, yana juyawa da sanda. Na ce kafin ta zo wannan ya bushe ƙurmus a gwangwani. Ya ce ba komai, in ya bushe zai haɗa wani.